Haɓo bayan tiyatar hanci: "Ba mu ga komai ba" ba amsa ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wata amsa da ake yawan ba masu jinya a asibitocinmu: "Mun duba, ba mu ga komai ba." Shi likita ya san awon da aka yi ne bai nuna komai ba, kuma akwai sauran bincike a gaba. Amma mutumin da ya taso daga Mabera ko Gidan Igwai, balle wanda ya biya kuɗin mota daga Illela ko Tangaza, abin da yake komawa gida da shi shi ne asibiti ya ɗaga hannu, ciwon ba nasa ba ne. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne, kuma mafi yawan aikina a ɗakin tiyata na yi shi kafin in ajiye. Inda na fi ganin wannan amsa tana ɓarna shi ne wajen haɓon da ke ta dawowa bayan an yi wa mutum aiki a kogon hanci.

Ga wanda bai sani ba, cikin ƙasusuwan fuska akwai ramuka iri huɗu, kowanne dama da hagu: na kunci, na goshi, na tsakanin idanu, da wani can ciki kusa da gindin ƙwaƙwalwa. Dukkansu suna zubar da majina cikin hanci ta ƙananan kafofi. Idan kafofin suka toshe sai mutum ya dawwama cikin mura, kai ya yi nauyi, ya daina jin ƙamshi da wari, wani har tsiro ya cika masa hanci ya koma numfashi ta baki. In magani ya gaza sai aiki. A da ta ƙarƙashin leɓen sama ake yankawa, ko ta gefen hanci. Yanzu siririn madubi mai fitila ake zurawa ta kafar hanci, dabarar da wani likitan ƙasar Ostiriya mai suna Messerklinger ya assasa, ta kuma bazu a duniya daga shekarun 1980. Ba a barin tabo a waje, kuma rashin tabon nan shi ke yaudarar dangi. Suna ganin fuska sumul sai su ɗauka an gama, alhali a ciki akwai ɗanyen rauni da zai ɗauki makonni bai warke ba.

Ɗan jini gauraye da majina a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne. Akwai kuma wanda kan zo bayan mako ɗaya zuwa biyu, lokacin da ɓawon raunin ke ɓamɓarewa, shi ma an san da zamansa. Wanda ya sa ni rubutu shi ne na ukun: yau ya zubo, a toshe, ya tsaya, jibi ya dawo, a auna jini a ce lafiya lau, a leƙa da madubi a rasa jijiyar da ta fashe, sai dai naman wurin yana tsattsafo.

Haka ya faru ga ɗiyar ƙanena cikin hunturun da ya wuce. Matar aure ce, tana ɗinki a gida, mijinta direba ne a hanyar Gusau. Aikin da aka yi mata ya yi kyau, ba ni da abin cewa ga hannun da ya yi shi. Amma haɓo ya ƙi rabuwa da ita. Da aka sallame su da waccan amsa, uwar mijinta ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Malam, wanga jini ba na asibiti ba na. Tunda sunka ce ba su ga komi ba, ku bar mu mu yi na gida." Na gidan kuwa shi ne hayaƙi a kasko a lulluɓe ta da zane, da man tafarnuwa ana ɗiga mata a hanci, da wani garin shaƙe mai sa atishawa har hawaye. Ba ni da faɗa da addu'a ko rubutu, ni ma ina yi, ina sha. Amma zafin garwashi da atishawa a kan ɗanyen rauni, wannan ko mai lafiya aka yi wa sai ya yi haɓo.

Wani dare bayan lisha aka aiko yaro ya kira ni. Na iske ta zaune a kan tabarma, an ɗage mata kai baya, an cusa tsumma a hanci, maƙogwaronta na motsi tana haɗiyar jini. Ban gama wanke hannu ba ta kelaya amai baƙi ƙirin a cikin tasa. Ta kalli tasar, gumi ya keto mata a goshi, leɓɓanta suka yi fari, ta ce, "Baffa, duhu nike gani," ta sulale. Mata suka ɗau salati, wata na cewa sun zo, sun hau ta. Na kwantar da ita ta gefe don kada jini ya shaƙe ta, na sa aka ɗaga ƙafafunta a kan matashi, na kama wuyan hannunta. Bugun a hankali yake zuwa, bai kai 55 a minti ba. Wanda jini ya ƙare wa a jiki, bugunsa sauri yake yi, siriri, da ƙyar yatsa ke kama shi. Nata ba haka yake ba. Kafin a kawo ruwan tofi ta buɗe ido tana tambayar ɗankwalinta. Duk da haka a daren muka kai ta asibiti, don bugun hannu ba ya maye gurbin awo.

Abin da ya kayar da ita a daren nan, da abin da ke sa jinin ya ƙi tsayawa wasu lokuta, tushensu ɗaya ne, kuma shi nake son masu karatu su sani. A jikin ɗan'adam akwai rukunin jijiyoyin laka masu aikin kansu, ba sa jiran izinin mai jikin. Su ke riƙe da bugun zuciya, da zufa, da narkewar abinci, da faɗi ko tsukewar jijiyoyin jini. Wani masanin Ingila mai suna Langley ne ya raɗa musu sunan da likitoci ke amfani da shi, a 1898. Ɓangare biyu ne. Ɗaya na zaburarwa: shi ke tashi in an firgita ko an fusata, zuciya ta yi sauri, jini ya hau, baki ya bushe. Ɗayan na kwantarwa: shi ke rage bugun zuciya, ya kawo yawu da hawaye da majina. Suman da mutum kan yi in ya ga jini, ko in an soka masa allura, daga wannan na biyun yake. Wata doguwar jijiya da ta sauko daga kai zuwa zuciya da ciki ce ke rage bugun farat ɗaya, jini ya ƙi isa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, mutum ya faɗi. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun zube a gaban ɗakin ɗibar jini, ba wanda ya ce musu iska.

Hanci na cikin gaɓoɓin da suka fi jin maganar waɗannan jijiyoyi. Naman cikinsa cike yake da ƙananan tafkunan jini masu kumbura su sace. Ɓangaren zaburarwa ya tsuke su hanci ya buɗe, na kwantarwa ya sake su hanci ya toshe ya yi ruwa. Kowa na iya gwadawa yanzu: toshe kafa ɗaya ka shaƙa, sannan ka toshe ɗayar. Akasarin mutane za su ji ɗaya ta fi ɗaya buɗewa, kuma bayan wasu sa'o'i sai su yi musanya, kamar mai ban ruwa a lambun albasa na fadamar Kwalkwalawa, ya buɗe wa wannan fangali ya toshe wancan. Wani likitan Jamus, Kayser, ya bayyana wannan tun 1895. Shi ya sa mai cin tuwo da miya mai yaji yake jan majina, shi ya sa mai kuka hancinsa ke toshewa, shi ya sa mai mura in ya yi gudu yake jin hancin ya buɗe.

Mu da muka tsaya a ɗakin tiyata, da idonmu muke ganin abin. Kafin likita ya taɓa komai, sai ya jiƙa 'yar auduga da adirenalin, wato sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita, ya tura ta cikin hanci. A allon talabijin za ka ga nama ja wur, a kumbure har ya rufe hanya. A jira 'yan mintuna a zare audugar, sai ga shi ya koɗe ya yi fari-fari, ya janye jiki, hanya ta bayyana. Mai ba da maganin barci shi kuma idonsa na kan na'ura, yana ƙoƙarin riƙe bugun zuciya kusa da 60, ya sassauto da ƙarfin jini, an kuma ɗaga kan gadon sama kaɗan. Da zarar barcin ya yi sama-sama bugun ya tashi, allon sai ya rine da jini, likita ya ɗago kai ya ce ba ya ganin komai, alhali bai yanki wata sabuwar jijiya ba. Wanda ya taɓa ganin haka ba zai yi gardamar cewa halin da jiki ke ciki yana da hannu a zubar jini ba.

To abin da ke faruwa a kan gadon tiyata bai tsaya nan ba, yana bin mutum gida. Rauni mai warkewa yana tsirar da sababbin jijiyoyin jini sirara, marasa ƙwari, waɗanda ba su iya tsukewa kamar tsofaffi. In tsoro ya zaburar da zuciya, ƙarfin jini ya tashi, su ne ke fara tsattsafo, kuma muddin jinin na sama da wuya gudan da zai toshe wurin ya zauna. In kuka ya biyo baya, hanci ya kumbura, a ja majina, a fyace, ɗan ɓawon da ya fara kamawa ya tashi. Ga ganin jini na ƙara tsoro, tsoro na ƙara bugu. Na sa ɗiyar tawa ta riƙa rubuta lokacin da haɓon ke zuwa da abin da take yi a sa'ar, na bar mata abin awon hawan jini. Abin da ya fito a takardar ya ba ni mamaki ni kaina. Akasari da yamma ne, ranakun da mijinta ke kan hanya aka kira wayarsa ba ta shiga, kuma kowa ya san abin da ke zuwa zuciyar iyalin matafiyi a wannan zamani. A irin wannan lokacin awonta kan kai 160 bisa 100, alhali da safe a gaban likita 120 bisa 80 ake samu a rubuta "lafiya". Sauran kuwa a gindin murhu ne, ko bayan ta duƙa shara.

A nan zan ja kunnen abokan aikina, don na san inda wasu za su so su kai maganata. Jijiyar laka ba ta huda jijiyar jini. Ƙara wa raunin da yake nan take yi, ba ita ke ƙirƙirarsa ba. Don haka likitan da ya musanya "ba mu ga komai ba" da "damuwa ce ke damunki" bai ci gaba ba, ya dai sauya ƙofar sallama ne. Ni a wurina wannan ya fi muni, don yanzu an ɗora wa marar lafiya laifin ciwonta. Kafin a ambaci damuwa sai an tambayi abin da mutum ke sha. Ɗiyar tawa ashe daikulofenak take saye a kemis saboda ciwon kai, ba wanda ya tambaye ta, ita kuma ba ta ɗauke shi magani ba, "ɗan na ciwon kai" ne kawai. Shi da aspirin da ibufurofen duk suna rage ƙarfin daskarewar jini, balle magungunan tsinka jini da masu ciwon zuciya ke sha. Tana kuma da maganin fesawa na buɗe hanci da ta saba da shi tun kafin aikin. Irin waɗannan suna kwaikwayon ɓangaren zaburarwa ne, su tsuke jijiyoyin na wasu sa'o'i, kuma in aka wuce kwana uku zuwa biyar ana fesawa sai hancin ya riƙa kumbura fiye da da duk lokacin da maganin ya sake shi.

Sai kuma tarihin jinin mutum. Ko jininta na al'ada yana da yawa fiye da kima? Ta taɓa zubar da jini mai yawa wajen haihuwa ko cirar haƙori? A danginsu akwai yaron da jininsa ya ƙi tsayawa bayan kaciya? Akwai cutar gado da wani likitan ƙasar Finlan, von Willebrand, ya bayyana a 1926, ita ce ta fi yawa cikin cututtukan rashin daskarewar jini da ake gada, tana kama maza da mata, kuma awon jini na yau da kullum kan iya fitowa lafiya ga mai ita, sai an nemi nata awon na musamman. Zazzaɓin cizon sauro na rage ƙwayoyin da ke toshe rauni. Ciwon hanta da na ƙoda suna yin nasu. Saurayi ɗan shekara goma sha da ke yawan haɓo ta kafa ɗaya tare da toshewa, akwai wani tsiro mai cike da jijiyoyin jini da ya keɓanta da irinsu, dole a nema. Sannan babbar jijiyar da ke ciyar da bayan hanci kan iya zuba ta tsaya, a leƙa a lokacin da ta tsaya a ce ba a ga komai ba. Leƙa ɗaya ba ta isa hukunci.

Ban manta da garinmu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ke busar da leɓe har ya tsage, ina ga ɗanyen nama a cikin hanci. Daga Maris kuma zafi ya haura digiri 40, jijiyoyin fata su saki. Littattafan da aka rubuta a ƙasashe masu danshi ba su san wannan ba, mu ne ya kamata mu sani. Wanke hanci da ruwan gishiri kamar yadda likita ya tsara, da shafa ɗan man da ya rubuta a bakin kafar, da rataya jiƙaƙƙen zane a ɗaki da dare, a Sakkwato ba ƙari ba ne, rabin jinyar ke nan.

Akwai abin da ban taɓa jin an faɗa wa marar lafiya ba a ranar sallama, kuma shi ne abin da zai yi sau biyar a yini: alwala da salla. Ana cewa kada ka fyace hanci har mako ɗaya ko biyu, kada ka duƙa, kada ka ɗauki kaya mai nauyi. Mutum ya ce to, ya koma gida ya shaƙa ruwa ya fyace da ƙarfi sau uku a kowace alwala, ya yi sujada kai a ƙasa jini ya taru a fuska, don bai haɗa wannan da wancan ba. Ni ba malami ba ne, amma ɗan makarantar zaure ma ya san a mazhabar Malikiyya shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne ba farilla ba, haɓo ba ya karya alwala, kuma wanda sujada za ta cutar an yi masa rangwame ya yi nuni. Ɗiyar tawa ba ta yarda ba sai da limamin unguwarsu ya faɗa mata da bakinsa, kuma ban ga laifinta ba.

Nata ya ƙare ne ba da wani abin mamaki ba. Wata matashiyar likita ta zauna ta karanta takardar nan da aka rubuta da biro, ta dakatar da maganin kemis da na fesawa, ta sake leƙawa a ranar da jinin ke zuba, ta ga wani ɗan wuri mai tsattsafo ta ƙone shi, ta tura ta a bi sawun hawan jininta. Ta kuma yi abin da ya fi komai tasiri a gidan: ta kira uwar mijin, ta ce, "Inna, zo ki gani," ta nuna mata raunin a allo. Daga ranar aka mayar da kasko ɗakin girki.

Ga duk wanda haɓo ya kama a gida, ko an yi aiki ko ba a yi ba, a zaunar da shi ya sunkuyo gaba kaɗan, ba baya ba. A matse wuri mai taushi na hanci, ƙasa da ƙashi, minti 10 zuwa 15 da agogo ba tare da saki ana leƙawa ba, ya yi numfashi ta baki, ya tofar da abin da ya gangaro. A rage taro a kansa, don mutum goma suna salati da kuka ba abin da suke ƙara masa sai bugun zuciya. In bai tsaya ba, ko yana kwarara ta maƙogwaro, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Wanda aka yi wa aiki kuma, in ido ya kumbura, ko gani ya ragu ko ya rabu biyu, ko wani ruwa garai-garai mai ɗanɗanon gishiri na ɗiga ta kafa ɗaya, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya suka zo, wannan ba a kwana da shi, don tsakanin waɗannan ramuka da ido da ƙwaƙwalwa ɗan siririn ƙashi ne kawai.

Roƙona ga shugabannin asibitocin da ke irin wannan aiki a Sakkwato, waɗanda ke karɓar mutane har daga Kabi da Zamfara da Ƙonni, shi ne a buga takarda ɗaya tak da Hausa, boko a gaba ajami a baya, a ba kowa ranar sallama. A sa sunayen magungunan da ba a sha, da maganar alwala da sujada da hayaƙi, da lambar wayar da za a kira a ɗauka. Kuɗinta bai kai na ledar ƙarin jini ɗaya ba. Kai kuma Edita, in da hali, ka haɗa mana likitan kunne da hanci da maƙogwaro da malamin fiƙihu a shafin lafiya su amsa tambayoyin masu karatu tare, kuma a yi shi cikin Oktoba, kafin iska ta juya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Runjin Sambo, Sakkwato.